Zuwa ga Yaya, kan maganar Auta da ƙwallon kwando

Oakland, Kalifoniya, Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Inna? An ce mini ƙafar ta ɗan saki tun da aka canza mata magani, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata kada ta damu da cimata, garin masara ba ya yanke mana a nan, kuka da daddawar da ta aiko ma har yanzu da saura. Ka gai da Gwaggo da su Kawu, da maiɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Sanyi ya fara shigowa, mai haɗe da yayyafi da hazo daga teku, ba irin hunturunmu na Zariya mai fasa leɓe ba.

Bayan haka, saƙonka ya iso kuma na saurare shi da kyau. Na saurari na Auta ma, muryarsa duk ta canza. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, inda layi ke yankewa, kowa kuma yana son ya riga ɗan'uwansa magana. Shi ya sa na zauna na rubuta. In ka gama ka ba shi ya karanta, in da hali a karanta wa Inna.

Na fahimci matsayinka. Yaro ya ji ciwo a gwiwa, likita ya ce sai an yi aiki, kuma tun kafin ciwon ma ba ya cikin biyar ɗin da ake fara wasa da su, yawanci a benci wasa ke ƙare masa. Ka ce to me ake jira, a kai shi shago ya koyi kasuwa. Wallahi ban ga laifinka ba. Tun rasuwar Baba nauyin gidan nan a wuyanka yake, kai ke sayen hatsi, kai ake tasa da dare in wani ba lafiya, ni nawa aike ne daga nesa. Amma ina roƙon ka ara mini kunnenka in ba ka labarin wani mutum na yankin da nake zaune, wanda yaran Samaru masu hana idonsu barci don kallon NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, duk sun san fuskarsa. Sunansa Steve Kerr, kocin ƙungiyar Golden State Warriors. Ban taɓa gaisawa da shi ba. Amma shekarun da na yi ina ɗaukar fasinja daga bakin filin wasansu sun sa na bi labarinsa daki-daki, kuma tun da na ji muryar Auta shi ke faɗo mini a rai.

A Beirut ta ƙasar Labanan aka haife shi, ranar 27 ga Satumba 1965. Kakanninsa sun je yankin ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya don aikin agajin marayun Armeniyawa, daga baya suka zauna suna aiki a Jami'ar Amurka ta Beirut. Mahaifinsa, Malcolm Kerr, shi ma a can aka haife shi, ya zama farfesa masanin siyasar ƙasashen Larabawa. Don haka yaron ya tashi ne tsakanin Los Angeles da Alƙahira, wani ɓangare na sakandarensa ma a Masar ya yi. Ya san ƙasar Musulmi da idonsa, ba a talabijin ya gan ta ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Da ya gama sakandare a 1983, manyan jami'o'i ba su waiwaye shi ba. Ba shi da gudu, ba shi da tsalle. Tsayinsa mita 1.91, wanda a Tudun Wada dogo ne, amma a wannan wasa gajere ake ce masa. Sai a ƙurarren lokaci wani koci mai suna Lute Olson, wanda a shekarar ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Arizona tana cikin halin ni-'yasu, ya ba shi gurbi. Bai cika shekara a makarantar ba, ranar 18 ga Janairu 1984, 'yan bindiga suka harbe mahaifinsa a bakin ofishinsa a Beirut. A lokacin shi ne shugaban jami'ar, ƙasar kuma tana tsakiyar yaƙin basasa. Wata ƙungiya mai kiran kanta Islamic Jihad ta ce ita ta yi. Cikin dare aka buga wa yaron waya a ɗakin kwanan ɗalibai, yana ɗan shekara 18, danginsa duk sun warwatsu a ƙasashe daban-daban. Bayan kwana biyu aka yi wasa, aka yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da mahaifin, yaron yana tsaye yana hawaye. Da aka sa shi, jifansa na farko ya shiga.

Auta bai fi haka ba lokacin da muka kai Baba makwancinsa. Kai ka san ranar uku ma ba a yi ba aka same shi a fili shi kaɗai yana jefa ƙwallo, har su Kawu suka yi faɗa. Ni a lokacin ban ce komai ba, amma na gane. Wani da kuka yake fitar da abin da ke cinsa, wani da shiru, wani kuma sai ya ga gumi.

Sai maganar gwiwa, wadda ita ce ta sa na ɗauki biro. A 1986 aka zaɓi Kerr cikin tawagar Amurka da ta je gasar cin kofin duniya a Sifaniya. A wasan kusa da na ƙarshe, da Barazil, jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke. Abokansa suka ci zinare, shi kuwa aka wuce da shi gida don tiyata. A wancan zamani irin wannan ciwo yakan zama ƙarshen wasan mutum. Kaka guda cur ya yi bai taka fili ba, yana zaune gefen koci yana kallo. Da ya dawo a kakar 1987 zuwa 1988, cikin jifa 199 da ya yi daga bayan layin maki uku, 114 sun shiga, wato kashi 57 cikin ɗari da ɗoriya, jami'arsa kuma ta kai sahun huɗun ƙarshe a duk ƙasar. A wannan kakar ce wasu ɗaliban jami'ar da suke hamayya da ita suka yi masa abin da ko maƙiyi bai kamata a yi wa ba: yana motsa jiki kafin wasa suka dinga yi masa ihu suna tambayarsa ina babansa. Ya ajiye ƙwallo ya zauna, hawaye suka zubo. Da aka fara wasa ya jefa masu maki uku guda shida kafin hutun rabin lokaci, ko ɗaya bai kuskure ba.

To ka ga kamar daga nan sai ɗaukaka. Ba haka aka yi ba, kuma nan ne nake so Auta ya karanta a hankali. A zaɓen sabbin 'yan wasa na 1988, shi ne na 50. Phoenix ta ɗauke shi, ta miƙa wa Cleveland, Cleveland ta miƙa wa Orlando, sai a 1993 ya samu shiga Chicago Bulls a kan mafi ƙarancin albashi. Kaka 15 ya yi a NBA. Ya buga wasa 910, amma sau 30 kacal aka fara wasa da shi. Sauran duk daga benci ya taso. Matsakaicin abin da yake ci a wasa maki 6 ne, alhali taurari suna cin 25 zuwa 30. Yaya, in da a ma'aunin da muke auna Auta za a auna wannan mutum, da tun shekararsa ta biyu an ce ya tattara ya koma gida.

Abin da ya riƙe shi abu biyu ne. Na farko, ya san abu ɗaya da ya iya, ya kuma goge shi har ya zama babu kamarsa: a tsawon wasansa, kashi 45.4 cikin ɗari na jifansa mai maki uku ya shiga, ya kuma yi ritaya babu wanda ya kai shi a tarihin gasar. Wahalar abin ita ce shi ba ya samun damar ɗumama hannu. Zai yi rabin sa'a a zaune jikinsa ya yi sanyi, a kira shi, a ba shi jifa ɗaya ko biyu, in ya kuskure a mai da shi. Na biyu, bai ɗauki benci wurin fushi ba. Wurin karatu ya mai da shi.

A sansanin atisaye na 1995 suka yi cacar baki da Michael Jordan, babban tauraron ƙungiyarsu ta Chicago, har Jordan ya nausa masa hannu a ido. Koci Phil Jackson ya kori Jordan daga atisayen ranar, daga baya kuma Jordan ya buga wa Kerr waya ya ba da haƙuri. Kerr ya sha faɗin cewa daga ranar Jordan ya fara ganin girmansa, don ya ga ƙaramin nan ba ya ja da baya. Shi ma Jordan an kashe mahaifinsa a 1993, amma su biyun ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Bayan shekara biyu, a wasa na shida na zagayen cin kofi da Utah Jazz, a watan Yunin 1997, ana kunnen doki 86 da 86, saura daƙiƙu kaɗan. A ɗan hutun shawara Jordan ya ce masa ya zama cikin shiri, don ya san mutum biyu za su rufe shi. Ya amsa cewa a shirye yake. Haka kuwa aka yi. John Stockton na Utah ya bar Kerr ya tafi taya tsaron Jordan, Jordan ya miƙo ƙwallo, Kerr ya jefa saura daƙiƙa biyar, ta shiga. Kofi ya zauna a Chicago. Ya ci uku a jere da su, 1996, 1997, 1998, ya koma San Antonio Spurs ya ci na huɗu a 1999.

Wanda ya fi burge ni shi ne na 2003. Yana da shekara 37, gwiwoyi sun gaji, koci Gregg Popovich ya kusa mantawa da shi a ƙarshen benci. A wasa na shida da Dallas, Spurs na baya da tazara mai yawa, aka rasa mai jefawa ta shiga. Aka ce tsohon nan ya tashi. Ya jefa masu maki uku guda huɗu, duk suka shiga, wasa ya juye. Suka wuce suka ɗauki kofi, na biyar ke nan gare shi, ya rataye takalmi. Mutumin da ya yi makonni ba a kira shi ba, amma kullum yana atisaye kamar gobe za a neme shi.

Ka tuna shagon Baba a Sabon Gari? Cikin yaran da suka koyi ɗinki a wurinsa, wanda ya fi kowa saurin taka keke ba shi ya gaji aikin ba. Wanda aka bari da sa maɓalli da guga ne, yana gefe shekara da shekaru yana kallon yadda Baba ke aza almakashi, yadda yake lallashin mai kaya in sallah ta matso, yadda yake raba aiki don kada wani ya ji an raina shi. Shi ne yau ke da yara a ƙarƙashinsa. To haka Kerr ya zauna gefen Lute Olson da Phil Jackson da Popovich. Tauraro yana cikin fili, abin da ke gabansa kawai yake gani. Na benci yana jin abin da koci ke raɗa wa mataimakansa, yana ganin wanda ya karaya, yana sanin zafin a wuce ka ba a kira sunanka ba.

Bai yi gaggawar zama koci ba. Ya yi sharhin wasa a talabijin, ya yi babban manajan Phoenix Suns daga 2007 zuwa 2010, inda wasu shawarwarinsa ba su haifar da ɗa mai ido ba, ya sake komawa talabijin. Duk tsawon lokacin yana tara rubutu a kwamfutarsa: in ya ga wani tsari ya burge shi ya rubuta, in ya zauna da wani koci ya yi tambaya ya rubuta. A watan Mayun 2014 ƙungiyoyi biyu suka neme shi, New York inda tsohon maigidansa Phil Jackson ke shugabanci, da Golden State. Ya zaɓi Golden State, bai taɓa horar da ko ƙungiyar sakandare ba.

Ƙungiyar da ya tarar ba matacciya ba ce, ta ci wasa 51 a kakar da ta gabata, tana da Stephen Curry da Klay Thompson. Amma ita ce ta ƙarshe a duk gasar wajen miƙa wa juna ƙwallo, kusan sau 250 a wasa. Ya ce yana son 300. Kowa ya taɓa, kowa ya motsa, wanda ba ƙwallo a hannunsa ma yana da aiki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan ya yi abin da sabon koci ba ya kuskura ya yi. Ya je wurin Andre Iguodala, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mutumin da ya yi shekara 10 a gasar ba a taɓa fara wasa yana zaune ba, yana da zinaren Olamfik a gida, ya roƙe shi ya koma benci don ƙungiya ta daidaita. Iguodala bai ji daɗi ba, amma ya yarda. Ina ganin da wani ne ya faɗa masa da ba lallai ya karɓa ba. Wanda ya yi shekara 15 a bencin yana da bakin da zai ce wa wani zaman nan ba wulaƙanci ba ne.

Suka ci wasa 67 cikin 82. A zagayen cin kofi na 2015, Cleveland ta LeBron James ta shiga gaba da wasa biyu da ɗaya. Wani matashi ɗan shekara 28 mai suna Nick U'Ren, wanda aikinsa harhaɗa bidiyo da ƙananan hidimomin koci, ya kawo shawarar a cire dogonsu Andrew Bogut a fara da Iguodala, a yi wasa da gajeru masu gudu. Kerr ya karɓa. Suka ci uku a jere, suka ɗauki kofin da rabon ƙungiyar da shi tun 1975, Iguodala kuma ya zama gwarzon zagayen. Da 'yan jarida suka tambayi Kerr dabarar, ya kira sunan yaron a bainar jama'a ya ce tasa ce. Yaya, kai da ka yi aiki a ƙarƙashin mutane ka san shugabanni nawa ne za su iya haka. A cikin tawagar akwai Festus Ezeli, haifaffen birnin Benin na jihar Edo. Ina cikin taron da ya cika bakin tafkin Merritt ranar da suka zaga gari da kofin, na ga tutar Najeriya a hannun mutane, na ji wani abu a ƙirjina da ban iya faɗa ba.

Daɗin bai daɗe ba. A bazarar aka yi masa aiki a gadon baya, aka samu matsala ruwan laka ya dinga yoyo, ciwon kai mai tsanani ya kama shi. Wasa 43 na farkon kaka bai iya zama a fili ba, mataimakinsa Luke Walton ya riƙe. Ƙungiyar ta ci 73 ta faɗi 9, ta karya tarihin 72 da 10 da Chicago ta kafa a 1996, wanda shi ma da shi aka kafa. Sai kuma a zagayen ƙarshe, suna gaba da wasa uku da ɗaya, Cleveland ta dawo ta ƙwace kofin. Golden State suka ɗauko Kevin Durant suka ci 2017 da 2018. A 2017 ciwon ya sake kwantar da shi, Mike Brown ya riƙe masa wasanni da dama.

A nan mutane ke cewa, ai ko wa aka ba Curry da Durant zai ci kofi, ga shi ma yana kwance ana ci. Fasinjoji sun sha faɗa mini haka a mota. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi kansa yana yawan cewa sa'ar 'yan wasa ya yi. Amma ni a ganina gidan da ke tafiya daidai ko maigida na kwance, shaida ce a kan maigidan. Kuma an ga ranar da taurarin suka watse. A 2019 Durant da Thompson suka ji munanan raunuka a zagayen ƙarshe, Toronto ta ɗauki kofi a nan Oakland. Kaka mai bi, Durant ya tafi, Curry ya karye a hannu, suka ci wasa 15 suka faɗi 50, su ne na ƙarshe a duk gasar. Bai gudu ba. Ya zauna yana koyar da yara sababbi, har 2022 suka doke Boston suka ɗauki na huɗu. Biyar yana ɗan wasa, huɗu yana koci.

Wannan kofin na Toronto kuwa, ka san wa ya gina ƙungiyar? Masai Ujiri, wanda a Zariyarmu ya tashi, a hannun Koci Oliver Johnson ya koyi wasa. Bai taɓa buga NBA ba. Ya yi 'yan shekaru a ƙananan ƙungiyoyin Turai, wasan bai kai shi ko'ina ba, ya fara aikin farautar 'yan wasa wa Orlando ba albashi, da kuɗin aljihunsa yake tafiye-tafiye. Kocin Boston da Kerr ya doke a 2022, Ime Udoka, ya buga wa Najeriya, shi ma ɗan benci ne a zamaninsa. Ranar 10 ga Yuli 2021 a Las Vegas, Najeriya ta doke Amurka 90 da 87, ƙasar da ta ci mu 156 da 73 a Landan a 2012. Mai horar da mu a ranar Mike Brown ne, mataimakin Kerr, shi kuma Kerr yana bencin Amurka yana taimaka wa Popovich. Daga baya Kerr ya karɓi tawagar Amurka, ya dawo hannu rabbana daga kofin duniya na 2023, ya sha zagi, sannan ya ci zinare a gasar Olamfik ta Paris a 2024. A Paris ɗin ne koci Rena Wakama ta kai 'yan matanmu zagayen takwas na ƙarshe, abin da wata tawagar Afirka ba ta taɓa yi ba a Olamfik, maza ko mata. Duk waɗannan mutane a wasan nan suke cin abinci, kuma ba da tsalle ba.

Na ce zan dawo kan maganar mahaifinsa. A Janairun 2017 gwamnatin nan ta hana mutanen ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shigowa, har da Sudan. Daga baya aka sa Chadi, a 2020 kuma takunkumin ya taɓa Najeriya. Ban taɓa gaya muku irin tsoron da muka shiga ba, a masallaci kowa magana ƙasa-ƙasa yake yi. A makon Kerr ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce shi ta'addanci ya raba shi da mahaifinsa, kuma korar mutane da tsorata su ba ita ce hanyar yaƙi da ta'addanci ba, sai ma ta ƙara hura wutar. In akwai Ba'amurken da za a yi wa uzuri in ya ƙi mu, shi ne. Masu kisan sun fake da sunan addininmu, addinin kuma ya barranta da su. Shi ya iya bambancewa, a lokacin da manya masu ilimi suka kasa. Haka a watan Mayun 2022, ranar da aka kashe yara 19 da malamai biyu a wata firamare a Uvalde ta jihar Texas, ya ƙi yin maganar wasa sam, ya bugi tebur muryarsa na rawa yana tambayar 'yan majalisa sai yaushe za su yi wani abu a kan bindigogi. Tun daga waɗannan ranaku nake ganin girmansa fiye da kofunan.

Yanzu bari in faɗi gaskiyar da ke gefenka. Auta ba Steve Kerr ba ne, Najeriya kuma ba Amurka ba ce. Shi ɗan farfesa ne, ya samu likitocin da suka gyara gwiwarsa, ya samu jami'ar da ta jira shi shekara guda. A gida gasar ƙwallon kwando yau a yi gobe a tsaya, kocin da ke karɓar albashi a kan kari kaɗan ne. Ba na yi maka alkawarin yaron nan zai yi arziki da wasa. Abin da nake cewa shi ne, ma'aunin da muka ɗauka, wai tun da ba ya cikin biyar na farko ba shi da rabo a harkar, ma'aunin bai cika ba. Kai da kanka ka gaya mini yaran unguwa shi suke bi, shi ke tara su da yamma yana nuna musu tsayuwa da riƙon ƙwallo, kuma in ana kallon wasa yakan faɗi abin da koci zai yi kafin ya yi. Wannan baiwa ce, kuma ba ta cikin gwiwa.

Ga roƙona. A fara da lafiyarsa. Na tura kuɗi ta hanyar da muka saba, ka duba. Ina so a kai shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, likita na biyu ya gani kafin a yanke shawarar aikin, kuma don Allah kada a kai shi wurin mai ɗori, jijiya ba karaya ba ce. Bayan aiki, gashi da motsa ƙafar da za a rubuta masa su ne rabin maganin, kuɗinsu a wuyana har a gama. Makaranta kuma ba zai bari ba. In ya samu sashen ilimin motsa jiki da lafiya a Jami'ar Ahmadu Bello ko a kwalejin ilimi, to madalla, ko ba komai zai fito da takardar koyarwa. Akwai kuma kwas na horar da koci a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, in lokacinsa ya yi ni zan biya. Shago ma ban ce a'a ba. Ya riƙa zama maka ranakun da ba karatu, ya san ciniki, ya rage maka nauyi. Yammacinsa kawai nake roƙo a bar masa, ko da sanda yake dogarawa, ya je ya zauna kusa da kocinsu.

Auta, kai kuma da kai nake. Ka sayi littafin rubutu. Duk atisayen da ka je, ka rubuta abin da aka yi da dalilin da ya sa aka yi, wanda ba ka gane ba ka tambaya. Ka daina kumbura fuska in ba a sa ka ba, yaran da kake koya wa suna kallonka. Kuma ka je ka ba Yaya haƙuri kan maganar da ka mayar masa, na ji labari, ban ji daɗi ba. Shi ne uba gare mu yanzu.

Yaya, in ka ga akwai inda na wuce gona da iri ka yafe mini, hukunci naka ne. Ka sanar da ni ranar da za ku Kano don in kira in ji abin da likita ya ce. Maganar rufin ɗakin Inna kuma, ka sa kafinta ya yi lissafin kwano da katako kafin damina, mu raba. Ka gaishe mini da liman da mutanen majalisa, ka ce ina barar addu'a.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Ƙaninka